Ra'ayinmu: Ƙaiƙayin Da Ya Biyo 'Yan Mazan Jiya Gida

Kowace shekara, ranar 15 ga watan Janairu, ƙasar nan takan tsaya domin tunawa da 'yan mazan jiya. Akan ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, a yi addu'o'i a masallatai da majami'u, manya kuma su sayi tambarin tunawa su maƙala a ƙirji. Wannan duk daidai ne, ba mu da ja a kai. Amma idan taro ya watse aka kwashe rumfuna, tsohon soja yakan koma gida da lambobinsa, da kuma abin da ya ɗauko daga bakin daga wanda ba a ambatarsa a jawabin kowa. Waɗansu sun dawo da harsashi a jiki, waɗansu da mugun mafarki. Da yawa kuma sun dawo da abin da jama'a ke rainawa, wato ƙaiƙayin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a tsakanin yatsun ƙafa, da matse-matsi, da gadon baya, da faratan da suka yi kauri suna marmashewa. A kan wannan muke so mu yi magana yau, musamman da ikkilisiyoyinmu na ƙasar Daura.

Matsayinmu a taƙaice shi ne, wannan ciwo yana da magani, maganin kuma sananne ne. Abin da ya sa yake tafiya yana dawowa shekara da shekaru shi ne ba a kai maganin ƙarshensa, ko an shafa wanda bai dace ba, ko an warkar da mutum an bar takalminsa da faratansa da mutanen gidansa. Tsoho shi kaɗai, da kunyarsa da ɗan fanshonsa, da wuya ya iya wannan doguwar tafiya. Saboda haka muke cewa aikin ikkilisiya ne ta raka shi har ƙarshe.

Daura ba baƙuwar kaki ba ce. Duniya ta san ta da Manjo Janar Muhammadu Buhari, wanda ya yi yaƙin basasa, ya rasu ranar 13 ga Yuli 2025, aka kuma binne shi a gidansa na Daura. To, amma a bayan kowane janar akwai dubban farabiti da kofur da saje da samanja waɗanda ba wanda ya san sunansu sai maƙwabta. Suna nan cikin garin Daura, suna Mai'adua, da Zango, da Baure, da Sandamu. Waɗansu 'yan ƙasa ne da suka dawo gonakin iyayensu. Waɗansu kuwa aiki ne ya kawo su daga Filato ko Kudancin Kaduna ko Adamawa, suka yi ritaya suka zauna, su ne ma ake samu cikin dattawa da masu gadin majami'unmu.

A duba wuraren da aka tura mutanen nan. Kakanninsu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa cikin dazuzzukan Bama a 1944 da 1945, inda ruwan sama ke zuba wata da watanni. Har yau sunan barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya suna tuna mana da wannan tafiya, kamar yadda barikin Bukavu a Kano ke tuna mana da Kwango ta farkon shekarun 1960. Daga 1967 zuwa 1970, samarin da suka tashi cikin rairayin Arewa sun kwana cikin ramuka masu ruwa a wajajen Anaca da Fatakwal da Kalaba. Na bayansu sun tafi Laberiya daga 1990 ƙarƙashin ECOMOG, daga nan Saliyo, waɗansu kuma fadamun Bakasi. Waɗanda ke yin ritaya yanzu, da yawansu daga Sambisa da bakin Tafkin Chadi suka fito. Ko'ina labarin ɗaya ne. Soja yakan yi kwanaki bai kwance takalmi ba, safa ɗaya, kaki ɗaya, gumi ya bushe a jiki wani ya sake jiƙa shi, wurin wanka ɗaya na mutum ɗari, bargo kuma na wanda ya riga ɗauka.

Kada a ɗauka talaucin sojanmu ne kawai ya jawo haka. Sojojin Amurka, da duk kuɗinsu da likitocinsu, sun sha irin wannan a yaƙin Biyetnam. Bayanan likitocin rundunarsu sun nuna cewa ciwon fata shi ne ya fi kowace cuta kai sojoji ɗakin shan magani, a fadamun kogin Mekon kuwa ya hana mayaƙa da yawa fita aiki. Ke nan ciwo ne na sana'a, kamar yadda maƙeri ke fama da ƙuna, manomi da kanta. Ba alamar ƙazanta ba ne, ba kuma abin da za a yi wa dattijo dariya a kai ba.

Mene ne ainihin ciwon? Wata ƙwayar halitta ce dangin fumfunar da muke gani a kan tuwon da ya kwana biyu ko takalmin da aka ajiye a lungu da damina. Irin wadda ke kama mutum tana cin mataccen saman fata ne, da farce, da gashi, tana kuma son wuri mai ɗumi da laima da duhu. Idan ta kama tsakanin yatsun ƙafa, fatar ta yi fari ta tsage, mukan ce cin ruwa. Idan ta yi zobe a jiki, bakinsa na ci gaba tsakiyarsa na washewa, mukan ce makero. A kan yara takan cinye gashi ta bar ƙora. A matse-matsi takan yi ja ko baƙi, da ƙaiƙayi mai hana barci. A farce kuwa takan sa ya yi kauri ya canza launi. Kyasfi, wanda ke yin dabbare-dabbare a ƙirji da baya, wata iri ce dabam da ke zaune a fatar kowa, sai zafi da gumi su sa ta yi yawa. Ƙazuwa kuwa ba ta cikin wannan dangi, wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, maganinta ma dabam ne.

Ritaya ba ta raba mutum da abin da ke ciyar da ciwon. Tsohon soja da yawa ya koma aikin gadi, yana kwana da rufaffen takalmi daga magariba zuwa asuba. Wani yana gona da takalmin roba. A nan ƙasar Daura, bazara takan kawo zafin da ya wuce digiri 40, damina ta biyo da laima daga Yuni zuwa Satumba, hunturu kuma ya zo da faso da kaushi, waɗanda ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ciwon yakan lafa da sanyi, mutum ya ce ya rabu da shi, ruwan farko na sauka ya ga tsugune ba ta ƙare ba.

Dalilin farko na dawowarsa shi ne yanke magani. Ƙaiƙayi yakan tsaya cikin kwana huɗu ko biyar da fara shafa man kirki, alhali ƙwayar tana nan da ranta a cikin fata. Daga nan sai a ajiye sauran man a kan taga, sai wani jiƙon. Mutanen Daura sun fi kowa sanin labarin rijiyar Kusugu. Da baƙon nan ya sari macijiya ya tafi bai sare kanta ba, da ba a sha ruwa kullum ba. Wanda ya daina magani don ƙaiƙayi ya lafa, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Dalili na biyu ya fi na farko haɗari, shi ne man shafawar nan mai haɗi uku da ya cika kemis-kemis da tiren 'yan talla a kasuwanninmu. A cikinsa akwai maganin fumfuna, da maganin ƙwayoyin bakteriya, da kuma wani sinadari mai ƙarfi da ake kira sitiroyid. Mai karatu ya duba kwalin, idan ya ga an rubuta betamethasone ko clobetasol ko dexamethasone, to shi ne. Sitiroyid yakan kashe ƙaiƙayi da ja cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake yabonsa. Amma yana yin haka ne ta hanyar kwantar da garkuwar fata, sai ƙwayar ta sami fili ta bazu ba mai tsare ta. Da an daina shafawa sai ciwon ya taso ya fi da faɗi, a koma a sake saye. Bayan watanni fata takan yi laushi kamar takarda, ta yi nankarwa, zoben ma ya ɓace kamanninsa har likita ya sha wuyar gane shi. A Indiya, inda aka daɗe ana sayar da irin wannan mai barkatai, wata sabuwar irin makero ta ɓulla wadda sau da yawa ba ta jin terbinafine, ɗaya daga cikin manyan magungunan ciwon. Masana sun raɗa mata suna Trichophyton indotineae a 2020, a 2023 kuma aka ba da rahoton samunta a birnin New York. Hanyar da Indiya ta bi ta kai can, ita ce muke gani a kasuwanninmu.

Dalili na uku, ana maganin reshe a bar saiwa. Mutum yakan yi ta shafa wa matse-matsi magani shekara goma, bai san cewa rumbun ciwon yana ƙafarsa da faratansa ba. Kullum ya zura wando, ƙafa ta shafa wa wandon, wandon ya kai sama. Kullum ya sosa, farcen hannu ya ɗauka ya kai wani wuri. Man shafawa kuwa ba ya ratsa farce mai kauri, ba ya kuma kai wa ga saiwar gashin kai. Waɗannan biyu sai da ƙwayar sha.

Dalili na huɗu, gida da kaya. Irin wannan ƙwaya yakan yi watanni da rai cikin takalmi, da safa, da tabarma, da bargo, da tawul. Jikan da ke da ƙora a ka yana kwana kusa da kakansa, suna musayar hula da matashin kai. Askar wanzami, da injin aski, da almakashin mai yankan farce da ke zagaya kasuwa, duk suna iya ɗauka daga wani su kai wa wani idan ba a tsabtace su ba. Haka takalmin gwanjo. Kyanwa da kare da maruƙa ma suna ɗauke da irin nasu makeron, suna kuma ba mutane.

Dalili na biyar, wani ciwo na ɓoye a ƙarƙashi. Ciwon sukari ya yawaita ga masu shekaru, da yawa kuma ba su san suna da shi ba. Shi da ƙanjamau, da yawan shan ƙwayoyin sitiroyid domin ciwon gaɓoɓi ko neman ƙiba, duk suna raunana garkuwar jiki har ciwon fata ya ƙi jin magani. A nan ne abin da aka raina yake zama abin tsoro. Ɗan tsagewar da ke tsakanin yatsu ita ce ƙofar da ƙwayoyin cuta ke bi su kumbura ƙafa da zazzaɓi. Ga mai ciwon sukari, wanda sau da yawa ba ya jin zafi a tafin ƙafa, wannan tsagewa kan zama gyambo, gyambo kuma ya kai ga yanke ƙafa. Mutumin da nakiya ba ta raba shi da ƙafarsa a Laberiya ba, bai kamata cin ruwa ya raba shi da ita a Sandamu ba.

To, mene ne magani na gaskiya? Da farko a bari ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa. A asibitin da ke da ɗakin gwaje-gwaje akan kankaro ɗan saman fatar a duba a madubin likita, gwaji ne mai sauƙi. Idan ciwon bai yi faɗi ba, man shafawa mai magani ɗaya tak ya isa, irin su clotrimazole ko miconazole ko terbinafine. Akan shafa clotrimazole safe da yamma, mako biyu zuwa huɗu a jiki da matse-matsi, mako huɗu a ƙafa, a zarce bakin zoben da kamar faɗin yatsa biyu, a kuma ci gaba mako ɗaya ko biyu bayan fata ta yi kamar ta warke. Tsohon man nan na Whitfield da aka sani a dispensaren mishan yana da araha, yana kuma taimakawa, sai dai yana da zafi a wurare masu laushi. Kyasfi yakan ji sabulun ruwa mai ketoconazole ko selenium, amma launin fata yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita, wannan kuwa ba ya nufin magani ya ƙi.

Idan ciwon ya mamaye jiki, ko ya shiga farce ko gashin kai, sai ƙwayar sha, ita kuma sai da takardar likita. Ga faratan hannu akan sha terbinafine kamar mako 6, ga na ƙafa mako 12, sabon farcen ƙafa kuma yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya gama fitowa. Ƙorar yara akan ba ta griseofulvin, maganin da aka fara amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1950, mako 6 zuwa 8, a sha da abinci mai maiƙo, ba a kuma ba mace mai ciki. Waɗannan ƙwayoyi ta hanta suke bi. Mai ciwon hanta, da mai shan burukutu ko giya, da mai shan maganin zuciya ko hawan jini ko tarin fuka, dole ya faɗa wa likita gaskiya kafin a rubuta masa. Ƙwayar ketoconazole ta sha kuwa, tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taka mata birki saboda lahanin da take yi wa hanta. Kada kowa ya saye ta a kemis domin ƙaiƙayi.

Sauran aikin a gida yake, ba ya kuma cin kuɗi mai yawa. A busar da tsakanin yatsu da matse-matsi bayan wanka, ƙafa ita ce ta ƙarshe. A sa safa kafin wando. A canza safa da ɗan kamfai kullum, a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge da dutsen guga. Mai gadi ya nemi takalmi biyu yana hutar da ɗaya a rana, idan ya tashi aiki ya koma buɗaɗɗen takalmi. Kowa da tawul ɗinsa da sosonsa. Duk wanda ke da ciwon a gidan a yi masa magani lokaci ɗaya. Muna kuma roƙo da babbar murya a daina zuba wa fata man birki, da ruwan batir, da kananzir, da baƙin mai, a daina kankare ta da reza. Waɗannan ƙuna suke yi, garin neman gira a rasa ido.

Akwai alamun da ba a jira da su. Tabon da ya yi haske a fata, ba ya ƙaiƙayi, ba ya kuma jin taɓawa, yana iya zama farkon kuturta, wadda ke warkewa sarai idan an kama ta da wuri, maganinta kuma kyauta ne tun 1995 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙafar da ta kumbura ta yi zafi da ja, ko gyambon da ya ƙi rufewa, ko kumburi mai ƙananan ramuka da ke fitar da ruwa da 'yan tsaba, duk na asibiti ne a ranar. Haka wanda ya yi wata guda yana magani daidai bai ga sauƙi ba. Akwai babban asibitin garin Daura, akwai asibitin sojojin sama da aka buɗe a Daura a 2019, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Idan abin ya faskara, akwai likitocin fata a Asibitin Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Duk wannan bayani ba zai yi amfani ba muddin kunya ta rufe bakin mai ciwo. Mutumin da ya saba ba da umarni a fagen fareti ba ya son ya buɗe cinyarsa gaban nas sa'ar jikarsa, ya gwammace ya aiki yaro kemis da 'yar takarda. Kunyar nan ba a fata kaɗai take tsayawa ba. Wani ya daina zuwa sujada don ba ya iya zaman awa biyu bai yi susa ba. Wani ya janye hannu daga gaisawa saboda faratansa. A wani gidan kuma uwargida ta ga ciwon a matse-matsi ta ɗauka ciwon sanyi ne na neman mata, zargi ya shiga, aka raba shimfiɗa, auren shekara talatin ya kama rawa a kan abin da takalmi ya jawo. Wani ma an gaya masa sammu ne ko alhakin jinin da ya zubar a yaƙi, ya sayar da akuya ya kai wa boka. Dattawan ikkilisiya da ke sulhunta ma'aurata ya kamata su san wannan tun kafin ƙara ta zo gabansu.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki ciwon fata abin da ba a faɗa a gidan Allah ba. A Littafin Firistoci sura 13, firist ne da kansa aka ɗora wa duba tabo, ya jira kwana bakwai, ya sake dubawa, ya bambanta mai haɗari da marar haɗari, har da ƙaiƙayin kai da na gemu. Surar ta kai ga tufafin da suka yi fumfuna, wanne za a wanke, wanne za a ƙone. Masana sun yarda cewa kalmar da aka fassara mana da kuturta a can ta ƙunshi cututtukan fata iri-iri. Ba muna cewa fasto ya zama likita ba ne. Abin lura shi ne shugaban jama'ar Allah bai kau da kai ba, ya duba, ya kuma koma ya sake dubawa.

A 2 Sarakuna sura 5 kuma ga labarin soja sukutum. Na'aman shugaban sojojin Suriya ne, jarumi, mai daraja wurin sarkinsa, amma a ƙarƙashin kayan yaƙinsa akwai ciwon fata. Wata 'yar baiwa ce ta nuna masa hanya. Da Annabi Elisha ya aika masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun, sai ya husata, domin ya zaci za a yi masa wani babban abu. Barorinsa ne suka lallashe shi, suka nuna masa cewa da abu mai wuya aka ce ya yi, da ya yi. Warkarwarsa ikon Allah ce, ba mu mai da ita ta zama takardar likita ba. Amma darasin a fili yake. Jarumi yakan raina umarni mai sauƙi da ake maimaitawa, bakwai aka ce ba uku ba, kuma sai da na kusa da shi suka tsaya masa kafin ya cika. Addu'a da shan magani ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya roƙi lafiya ya kuma ajiye maganinsa a rana ta biyar, ya fito daga Urdun ne bai cika ƙidaya ba.

Ikkilisiya a Jihar Katsina ba sabuwa ba ce a wannan aiki. Tun shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi kula da kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, kamar yadda ta yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Da wanke gyambo da shafa magani aka fara saninmu a ƙasar nan, tun kafin a san mu da manyan gine-gine. Abin da muke nema yau bai kai wancan nauyi ba.

Saboda haka muna kira ga kowace majalisar ikkilisiya, ta ECWA ce, ko Angilikan, ko Katolika, ko Baftis, ko HEKAN, ko COCIN, ta rubuta sunayen tsofaffin sojoji da 'yan sanda da ke cikinta. Zumuntar maza ta ɗauki wannan a matsayin aikinta, domin abin da dattijo ba zai faɗa wa mace ko yaro ba, zai faɗa wa sa'ansa. A haɗa kowane mai ciwo da ɗan'uwa ɗaya da zai raka shi asibiti, ya zana masa kwanakin magani a kalanda, ya leƙo shi kowane mako har ranar ƙarshe. Idan za a taimaka daga baikon jinƙai, a sayi maganin gaba ɗaya, domin rabin magani asarar kuɗi ne. Nas-nas da ma'aikatan lafiya da Allah ya ba mu a cikin taro su keɓe rana kafin faɗuwar damina, a duba fata da ƙafa, a gwada sukari, maza su duba maza a keɓantaccen ɗaki. Zumuntar mata kuma ta koyar da zancen wanki da guga da maganin ƙorar yara, ta kuma kwantar wa matan da hankali game da zargi.

Kada a tsaya a kan namu kaɗai. Mu kaɗan ne a wannan masarauta, mafi yawan 'yan mazan jiyan Daura kuwa Musulmi ne, waɗanda suka kwana rami ɗaya da 'yan'uwanmu, suka ci daga kwano ɗaya. Na'aman ma ba Ba'isra'ile ba ne, Ubangijinmu Yesu kuma ya ambace shi a majami'ar Nazarat, kamar yadda Luka sura 4 ta nuna. A yi shirin tare da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion, da sanin masu unguwanni da dagatai da hakimai, a buɗe ƙofa ga kowa ba tare da wani sharaɗi ba.

Ga hukuma kuma muna da magana. Kamfanin inshorar lafiya na sojoji, DHML, an kafa shi ne domin masu aiki da waɗanda suka yi ritaya. Muna roƙo ya kai wayar da kai da rajista har ƙananan hukumomin kan iyaka, domin tsohon da ke ƙauyen Baure ya san haƙƙinsa da asibitin da zai nufa. Hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna su sa ido sosai a kan man shafawa mai sitiroyid, kada a sayar da shi sai da takardar likita. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su tabbatar akwai clotrimazole da griseofulvin a ƙananan asibitocin karkara. Masu kemis kuma, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne a ikkilisiya, su ji tsoron Allah. Ribar da ke fitowa daga dawowar mai ciwo sau goma ba riba ce mai albarka ba.

Mun san wani zai ce, ana fama da 'yan bindiga da tsadar abinci da jinkirin haƙƙoƙin 'yan fansho, wa ke ta ƙaiƙayi? Gaskiya ne waɗannan sun fi girma, ba za mu kuma daina magana a kansu ba. Sai dai yawancinsu sun fi ƙarfin ƙaramar ikkilisiya, wannan kuwa bai fi ƙarfinta ba. Kuɗin mota zuwa asibiti, da 'yan bututun magani, da mutum ɗaya mai haƙurin ziyara na mako goma sha biyu, su ne za su mayar wa dattijo da barcinsa, da mutuncinsa a gidansa, da kujerarsa a majami'a, wani lokaci ma da ƙafarsa.

Ku kuma iyayenmu 'yan mazan jiya, kun san abin da ake nufi da tsayawa a bakin aiki har a zo a canje ku. Ku ɗauki wannan magani haka. Ku faɗa wa ɗan'uwa, ku je a duba, ku ƙi man da ke ruɗi, ku cika kwanakin da aka ɗibar muku ko da fata ta yi sumul tun a makon farko. Sannu ba ta hana zuwa. Ubangiji ya ba ku lafiya, ya sāka muku wahalar da kuka sha domin ƙasar nan, ya kuma ba ikkilisiyarsa idon gani da hannun taimako. Amin.